Za a ɗora mana duba masu ciwon damuwa a ƙaramin asibiti, anya za mu iya?

Nas Mai Aikin Safe:

Assalamu alaikum. Shekara tara ina aikin jinya a ƙaramin asibiti, mu huɗu ne, sai likita ɗaya da yake leƙo mu sau biyu a mako. An ce za a ba mu horo na kwana biyar a kan littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke koya wa ma'aikatan lafiya da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda ake duba matsalolin ƙwaƙwalwa, daga nan mu riƙa duba masu ciwon damuwa da fargaba tare da masu hawan jini da masu awon ciki.

Zuciyata ta rabu biyu. Akwai wata baiwar Allah da ta zo mana sau shida cikin wata huɗu, kullum ciwon kai, ciwon jiki, "ƙirjina ya yi mini nauyi". Mu auna jini, mu yi gwaji, komai lafiya lau, mu ba ta farasitamol da maganin ƙarin jini mu sallame ta. A zuwa na shida ina ɗaura mata abin awon jini sai na ce, "Yaya barci?" Kawai sai hawaye. Ashe tun da ta haihu ɗan bai zo da rai ba ta rabu da barci, ƙarfe uku na dare take farkawa ta zauna har asuba. Katinta na hannuna, shafi uku cike da rubutunmu, ba wanda ya taɓa tambayarta. Na rubuta mata takardar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, ta ninke ta gida huɗu ta jefa a jaka, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Na san ba za ta je ba.

Saboda irinta nake son horon. Amma wata rana mutum sittin muke gani kafin azahar, kuma labule ne kawai ya raba ɗakin duba marasa lafiya da bencin masu jira. Waɗanda suka riga mu shiga harkar, don Allah ku gaya mini gaskiya: abin yana aiki, ko ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya gaji?

Likitan Iyali:

Wa alaikumus salam, Sista. Matar da kika ba da labarinta ita ce hujjar shirin gaba ɗaya. Yawancin masu ciwon damuwa, da ƙorafin ciwon jiki suke zuwa, kuma ƙofarku suke ƙwanƙwasawa, don ba wanda zai nuna su da yatsa in an gan su a layinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, ga shi kuɗin da gwamnatoci ke ware wa fannin bai wuce kashi 2 cikin ɗari na kasafin lafiya ba a matsakaici. Likitocin ƙwaƙwalwa ba za su taɓa isa ba. Dalilin da aka ƙaddamar da mhGAP a 2008 ke nan.

Sai dai ki lura da abin da ya sa irin wannan tsarin ya yi aiki a inda ya yi. A Amurka an yi wani gwaji mai suna IMPACT da tsofaffi 1,801 masu ciwon damuwa, aka fitar da sakamakon a 2002. Bayan shekara guda, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka kula da su ta sabon tsarin ciwonsu ya ragu da aƙalla rabi, a cikin waɗanda aka kula da su yadda aka saba kuwa kashi 19 ne. Magungunan da aka saba ne aka yi amfani da su. Abin da aka ƙara shi ne mutum guda da aikinsa bibiyar mara lafiya, ya kira shi, ya sake auna shi, sannan likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi duk mako su bi sunayen waɗanda ba su samu sauƙi ba. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti suna warware matsala ɗaya bayan ɗaya.

Horon kwana biyar shi kaɗai, in ba mai bibiya ba mai dubawa daga sama, wata shida ya yi yawa kin koma gidan jiya.

Maman Biyu:

Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, mai ciwon suga ce. Shekara biyu sugana ya ƙi sauka, ana ta ƙara mini magani, alhali ni na san ba na sha, don ko tashi daga gado aiki ne a wurina. Nas ɗin da ta saba yi mini gwaji ce ta zaunar da ni ta yi mini wasu tambayoyi tara na takarda. Da wani baƙon likita ne wallahi da na ce lafiya ta ƙalau. Da damuwar ta fara sakina, sugan ma ya daidaita, don na koma shan magani a kan lokaci.

Maganar labulen nan kuwa, Sista, kada ki raina ta. Ranar da ta tambaye ni ko na taɓa tunanin kashe kaina, ina jin tarin wani dattijo a bayan labule, sai na ce a'a. Ƙarya na yi mata. Sai a zuwa na gaba, da ta ja ni wani ɗaki mai ƙofa, na faɗi gaskiya.

Mai Ɗakin Magani:

Bari in zuba ɗan ruwan sanyi. Ni nake miƙa maganin, ni nake ganin abin da ke biyo baya. Maganin damuwa ba farasitamol ba ne, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin daɗinsa, amma bushewar baki da jiri tun ranar farko suke zuwa. In ba a gaya wa mutum haka ba, kwana biyar zai watsar. Kuma bayan an warke ana so a ci gaba da sha na wasu watanni. To in ya yanke a ɗakin magani a wata na biyu fa?

Abu biyu ke ba ni tsoro. Ma'aikacin da layi ya yi masa yawa zai ji "ba na barci" ya rubuta maganin barci irin su dayazefam, mutum ya saba da shi ya kasa bari. Sannan mai ciwon da ke hawa da sauka, wato wani lokaci ya yi ta zumuɗi ba barci ba gajiya, wani lokaci ya faɗi warwas, in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkicewa. Amitiriftilin kuma, ɗaya daga cikin magungunan damuwa, in aka sha da yawa yana kisa, don haka kar a miƙa wa mai tunanin kashe kansa na wata guda a hannu.

Likitan Iyali:

Gaskiya ne, Malam. Ƙari ɗaya: kada sabon horon ya sa a ce komai damuwa ne. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kama da ita. Haka kuma masu taɓin hankali mai tsanani suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, galibi da ciwon zuciya da makamantansa, don ba mai auna musu jini. Wannan aikin naku ne tun asali.

Nas Mai Aikin Safe:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Biyu, maganarki ta tsaya mini a rai. Akwai wani ɗan ɗaki da muke jibge kwalaye, yana da ƙofa da sakata, gobe zan nemi a ba mu shi. Zan kuma buɗe rajista daban mai ranar dawowa da lambar waya, in tambayi masu horon wane likita za mu riƙa kira in abu ya fi ƙarfinmu, da kuma wa zai tabbatar magani bai yanke ba. In suka yi shiru a kan waɗannan, zan dawo in faɗa muku.

Ita kuwa baiwar Allahn nan akwai lambar 'yar'uwarta a bayan katin. Likita, in kira 'yar'uwar ne, ko hakan tona mata asiri ne?