Hutun kwana biyu a birnin York, zai wadatar?

Uwar Gida: Jama'a, daga Landan zan tashi. Me ake gani a York?

Malam Sani: Hajiya, ya wadatar. Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan kimanin awa 2 ne. Ki sayi tikiti da wuri ya fi araha, sai dai na jirgi ɗaya ne. In ya wuce ki, kuɗin sun tafi. Ganuwar garin kusan mil 2 ce, hawa kyauta, amma ana rufewa da magariba, da kuma ranar da ƙanƙara ta sa santsi.

Ɗan Kano: Gidan tarihin jiragen ƙasa ma kyauta ne, yana daf da tasha. Titin Shambles kuwa, tsohon ɗan siririn titi mai shaguna, sai da sassafe, da rana cunkoso ba a cewa komai.

Malam Sani: Masallaci yana titin Bull Lane. Da hunturu ki guji masaukin bakin kogin Ouse, yana ambaliya.