Ma'aji ɗaya tsakanin kwamfutata da na rassa: zai yiwu?

Aminu: Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutocin wani kamfani mai ofis a Garki da rassa a Kubwa da Gwagwalada. A PowerShell, manhajar ba kwamfuta umarni, na buɗe hashtable, wato teburin ajiye bayanai, da Synchronized mai sa masa kulle kada rubutu biyu su yi karo, domin kowane aiki da na tura rassa da umarnin Invoke-Command ya riƙa rubuta inda ya kai, amma teburin da ke wurina babu komai a ciki. In ci gaba da wannan hanya, ko in nemi a saya mana sabar bayanai?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Ka koma PowerShell 7, ka yi amfani da ForEach-Object -Parallel mai gudanar da ayyuka da yawa a lokaci ɗaya, tun 2020 ake da shi.

Injiniya Lawal: Hajiya, rassa ya ce. Kullen Synchronized yana aiki ne tsakanin zarurruka, wato ayyukan da ke gudana tare cikin manhaja ɗaya a kwamfuta ɗaya. Duk abin da ya bi ta WinRM, hanyar da Windows ke aika umarni zuwa wata kwamfuta, sai an mayar da shi rubutun XML, saboda haka kwafin teburin ne ke isa Kubwa, ko da an sa $using: don tura shi can, kuma abin da aka rubuta a kansa ba ya dawowa. Malam Aminu, bari kowane reshe ya fitar da sakamakonsa, ka karɓa da Receive-Job, kai ka zuba a teburinka.

Danladi: Ni fayil ɗaya na ajiye a saba domin kowa ya rubuta. A gwaji lafiya lau, amma ranar miƙa aiki rassan suka kasa isa ga fayil ɗin, domin Kerberos, tsarin tantance masu shiga, in ba an saita shi ba, ba ya barin shaidar shiga ta tsallaka zuwa kwamfuta ta uku. Mai kwangilar bai saurare ni ba, ya riƙe ragowar kuɗina, har yau yana cewa ban iya aiki ba.

Hajiya Binta: Allah ya mayar da alheri. Redis, manhajar ma'ajin bayanai, kyauta ne, da shi ka ɗauka.

Danladi: Ina kyauta, Hajiya? Da dala nake biyan hayarsa duk wata.

Injiniya Lawal: Wanda bai taɓa kula da rassa ba ya dakata da ba da shawara.

Hajiya Binta: Injiniya, takardar shaida ba ta gyara saba.

Sadiq: Ku ma kulle kuke buƙata, kowa ya yi magana bi da bi.

Aminu: Na gwada Receive-Job, Kubwa ta amsa. Gwagwalada kuwa masu kula da tsaro sun toshe ƙofa ta 5985 da WinRM ke bi ba tare da sanar da kowa ba.

Danladi: Haka suke yi mana kullum, sai aiki ya tsaya a ce laifinka ne.