Waɗanda suka taɓa gudu a titin Moiben na Kenya, ku ba mu labari

Ɗan Pankshin:
Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Wani bawan Allah ya ce zai ɗauki nauyina in je Iten, can Kenya, in yi atisaye kafin gasar gudun fanfalaki ta Legas da ake yi a watan Fabrairu. Duk bidiyon da na kalla sai in ga titin Moiben, mutane dami guda suna zuba gudu da sassafe. Don Allah wanda ya taɓa taka titin nan da ƙafarsa ya gaya mini yadda yake. Ba na son in ci kuɗin mutum in dawo da kunya.

Kocin Bukuru:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Na raka yara can, kuma na bi titin, wani lokaci da ƙafa, galibi a cikin mota, don shekaru sun ja.

Titin ba a cikin garin Iten yake ba. Tun da duhu za ku shiga matatu, motar hayarsu ke nan, ku kama hanyar Eldoret, sannan ku ratse ta inda ake zuwa garin Moiben. Iten tana kan tudu mai tsawon kusan mita 2,400, a bakin kwarin Kerio, kuma hanyoyinta jar ƙasa ce, hawa da gangara ba hutu. Shi kuwa Moiben kwalta ce shimfiɗaɗɗiya, ta ratsa gonakin alkama da masara, ya ɗan fi Iten gangarowa amma har yanzu kana sama da mita 2,000. Shi ya sa ake son sa. Wanda yake so ya auna ainihin saurin da zai yi ranar gasa, a kan irin titin da zai taka a Balin ko Landan, nan yake zuwa.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne shirun. Mutum talatin ko fiye a dunƙule, ba mai magana, sai ƙarar takalma da numfashi. Matatu tana biye a baya ƙofa a buɗe, yaro ya rataye yana miƙa gorunan ruwa, kowace da alamar mai ita. Kana kallo tawagar tana zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gaza sai ya ja gefe, ya riƙe gwiwa, motar ta tsaya ya shige. Ba mai yi masa dariya, ba kuma mai jiransa.

Shawarata, makonni biyun farko kada ma ka tambayi hanyar Moiben. Laushin titin ne ke yaudarar baƙo. Ido na ce maka babu tudu, ƙafa na cewa mu je, sai kun yi nisa ƙirji ya kawo takardar bashi.

Malamar Jinya:
Koci ya faɗi gaskiya. Ni aiki ne ya kai ni Eldoret, wani kwas na asibiti, kuma gudu na motsa jiki kawai nake yi. Daga Kano na tashi, inda ba mu kai mita 500 ba. Kwanakin farko matakalar bene ma sai na tsaya na huta a tsakiya. Ga ciwon kai da yamma, barci ya ƙi nauyi, leɓe duk ya tsage.

Ba wai iskar can ba ta da oksijin ba ne. Kasonsa ɗaya ne da na ko'ina, kusan 21 cikin 100. Nauyin iskar ne ya ragu, ta yadda a tsayin Iten kowane numfashi yana kawo maka kamar kashi uku cikin huɗu na abin da za ka samu a bakin teku. Ƙoda tana jin wannan ƙarancin, sai ta ƙara fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Aikin nan makonni yake ɗauka, uku zuwa huɗu kafin a ga amfani na kirki, kuma ba ya yiwuwa in jikinka ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe. Mu kuwa da zazzaɓin cizon sauro ke cin jininmu, da yawa muna yawo da ƙarancin jini ba mu sani ba.

Don haka ɗana, kafin ka sayi tikiti je ka a auna jininka. A duba maka har da rukunin jini na sikila. Mai AS lafiyarsa lau a gida, akwai ma manyan 'yan wasa masu shi, amma in tudu ya haɗu da gudu mai tsanani da ƙishirwa, an san yana iya taɓa saifa. In kana da shi ka zauna da likita tukuna. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ba abin daurewa ba ne a can.

Ɗalibin Eldoret:
Ni karatu nake yi a nan, ranar Asabar wani lokaci ina bin abokai mu je kallo, in kuma na ji ƙarfi in ɗan taɓa kilomita kaɗan a bayan tawaga. Abu ɗaya da ba wanda ya ambata: a Kenya hannun hagu ake tuƙi. Jikinka ya saba duba ɓangare ɗaya kafin ka tsallaka, a nan motar ta ɗayan ɓangaren za ta fito. Ba a rufe titin don masu gudu, akwai 'yan acaɓa da suke kira bodaboda, akwai tarakta, akwai manyan motocin ɗaukar amfanin gona, wasu da asuba fitila ɗaya ce ke aiki. Ka sa riga mai haske. Hanyoyin yankin nan ba wasa ba ne, ku tuna Kelvin Kiptum, wanda ya gama gudun fanfalaki na Chicago cikin 2:00:35 a 2023, hatsarin mota ne ya kashe shi tare da kocinsa a hanyar Kaptagat zuwa Eldoret a Fabrairun 2024.

Maganar abinci kuwa kada ka damu. Ugali tuwon masara ne da ya yi fushi ya ƙi laushi, ana ci da ganyen sukuma, sai shayi mai madara da sukari da safe da rana da dare. Nonon da 'yan ƙabilar Kalenjin ke tsamarwa a cikin gora da gawayi, mursik, ka ɗanɗana kaɗan tukuna ka ga yadda cikinka zai karɓa. Nama na halal da sallar Juma'a, Eldoret babu matsala, akwai masallatai da gidajen abincin Somaliyawa. Lokacin asuba kuma kusan ba ya motsi duk shekara, kana idar da salla ka ɗaura takalmi, wajen ƙarfe shida ake tashi.

Baba Tsohon Soja:
Yaran nan, ku bar ni in ɗan ja da ku. Na yi aiki a Mambila, na yi gudu da kaya a bayana tsakanin tsaunukan Gembu. Dutsen Chappal Waddi da ke Taraba mita 2,419 ne, daidai da Iten ɗin da ake ta kururutawa. Kai kanka ɗan Filato ne, a tudu aka haife ka. Me zai hana mai kuɗin nan ya ciyar da yara biyar a Mambila da abin da zai kashe wa mutum ɗaya a Kenya? Mu dai komai sai na waje.

Kocin Bukuru:
Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka na karɓa. Amma Chappal Waddi ƙoƙuwar dutse ce, ba a kwana a can ba a atisaye. Su a wannan tsayin suke da kasuwa da makaranta da coci. Jos kusan 1,200 ce, rabin Iten.

Kuma ba iskar kaɗai ake zuwa nema ba. A Pankshin yaron nan shi ne na gaba, ba mai matsa masa. A Moiben zai ga wanda ko takalmin kirki ba shi da shi ya wuce shi yana gyara hula. Abin nan ya daɗe ana gina shi. Brother Colm O'Connell, ɗan Ayalan, ya zo makarantar St Patrick's ta Iten a 1976, daga hannunsa David Rudisha ya fito ya yi 1:40.91 a mita 800 a Landan a 2012. 'Yar gudun nan Lornah Kiplagat ta buɗe sansaninta na atisaye tun 1999. Yaro a can yana tasowa yana ganin maƙwabcinsa ya gina gida da kuɗin gudu. Mambila tana da tudu, amma wa za ka bi?

Baba Tsohon Soja:
To ai wani ne ya fara a can ɗin ma. Ban janye ba.

'Yar Gembu:
Baba, ni 'yarka ce ta Mambila, kuma na je. Tudun bai wahalar da ni kamar yadda Anti ta kwatanta ba, watakila don jikina ya saba. Mutanen ne suka wahalar da ni.

Tsarin mako kusan kowa ya san shi: Talata fili, Alhamis gudun sauri da sassauci a kan jar ƙasa, ƙarshen mako doguwar tafiya. Na Alhamis ɗin taro ne na gaske, wani ya ɗaga murya ya faɗi minti nawa za a zuba minti nawa za a sassauta, kowa ya danna agogo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ranakun hutu. Matan da suka bar ni a baya jiya, yau suna tafiya a hankali har sai ka ji kunyar bin su. Sun dawo sun ci abinci sai barci. Ba yawo, ba zuwa biki. A gida muna yin kowace rana da matsakaicin ƙarfi, shi ya sa ba ma hutawa kuma ba ma sauri.

Moiben kuwa kwalta ce, tana cin ƙwauri da agara. Su kansu ba kullum suke zuwa ba, yawancin kilomitocinsu a ƙasa suke tarawa.

Sai gargaɗi ɗaya, Yaya. Wani mutum ya tare ni a gari, da fara'arsa, ya ce yana da allurar da ke "taimakon jini", manya duk suna yi. Na ce masa na gode, na wuce. Kenya ta kafa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari tun 2016, kuma an dakatar da sunaye manya. Wilson Kipsang, wanda ya taɓa kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki, shekara huɗu aka yanke masa a 2020 kan kauce wa masu gwaji. Ko maganin mura ne, ka nuna wa wanda ya san jerin abin da aka hana kafin ka haɗiye.

Ɗan Damagaram:
Salama 'yan uwa, daga Faransa nake rubutu, da kulob ɗinmu na nan muka je. Abu biyu kawai zan ƙara. Sanyin safiya na gaske ne, ka tafi da safar hannu da rigar sama, amma rana na fitowa za ta ƙona ka ba ka ji ba. Na biyu, Turawan da muka je da su gasar sanyi suke shiryawa. Kai Legas za ka, a Fabrairu, zafi da gumi tun kafin gari ya waye. Jikin da ya saba da busasshiyar iskar Iten zai sha mamaki a kan titunan Legas. Kada ka sauka daga jirgi ka faɗa gasa, ka dawo da wuri ka yi atisaye cikin zafin.

Ɗan Pankshin:
Allah ya saka da alheri, na ji kowa, har Baba. Litinin zan je asibiti kamar yadda Anti ta ce. Koci, takalmi guda ɗaya ne da ni mai kyau, zai isa?

Kocin Bukuru:
Ba zai isa ba. Ka nemi wani ko na gwanjo ne a kasuwar Taminus ta Jos, mai kaurin ƙasa, na yau da kullum, jar ƙasar can za ta rina shi cikin mako guda kuma ba ta fita. Mai kyaun ka ajiye shi don Moiben da ranar gasa. Ka kuma ce wa mai ɗaukar nauyinka ya lissafa da kuɗin matatu, don karo-karo ake yi a biya direba kafin a tashi.