Yayata za ta fara gashin kansar mama, ya za mu yi da fatarta?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. An yi wa yayata aikin kansar mama, yanzu likita ya ce saura gashi da na'ura, zama 15 cikin sati 3. To a layin asibiti muka ga wata baiwar Allah ƙasan mamanta ya saluɓe kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, wallahi tun ranar Yaya ba ta barcin kirki. Akwai abin da za mu yi tun kafin a fara? Goggonmu ta dage wai man kaɗe da zuma.

Wata nas: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ta lafiya. Ba kowa ke saluɓewa ba fa. Satin farko yawanci shiru, sai sati na 2 ko 3 fatar ta fara, kuma mu baƙaƙe ba lallai ta yi ja ba, duhu take ƙarawa da bushewa da ƙaiƙayi. Ta yi wanka kullum da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, da hannu kawai banda soso, ta dinga danna tawul a hankali ba gogewa ba, kar ta kankare alamar da suka zana mata don da ita suke saita na'urar. Ku tambayi likitan ko zai rubuta mata wani maganin shafawa mai suna mometasone, yana rage tsananin, akwai kuma Mepitel Film, wata siririyar leda ta asibiti da ake mannawa a fatar, amma da tsada. Goggo ta yi haƙuri da zumar nan, man kaɗen ma sai an nuna wa masu gashin.

Maman biyu: Ni na yi nawa bara. Rigar mama mai ƙarfe ajiye ta na yi, sai doguwar rigar auduga sakakkiya. Humra, turare, man bilicin, aske hammata, duk ta haƙura, rana ma kar ta taɓa wurin. Zufar ƙasan mama ce babbar matsala, can ne ya fi ci. Kuma kar ta saki jiki ranar da aka gama, nawa sai bayan kusan sati 2 ya fi tsanani kafin ya lafa.

Wata nas: Haka ne. In ya fara ruwa ko wari ko zazzaɓi ku koma asibiti ranar, kar ku sa filasta ko ƙanƙara.

Mai tambaya: Na gode Anti, Allah ya saka. Saura daru da Goggo kan zuma.