Neman aikin agajin gaggawa a motar asibiti: yadda kowa ya shiga

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan da na gama kwas ɗin agajin gaggawa, na kai takarduna wurare huɗu, har yau shiru. Waɗanda suka riga ni, don Allah ta wace ƙofa kuka shiga?

Mai shekara 9 a aikin:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Ni da aikin sa kai na fara. Wata takwas ina raka marasa lafiya daga wannan asibiti zuwa wancan, ba jiniya ba gudu, kuma a nan hannuna ya faɗa da awon jini da sanya iskar oksijin alhali mota na tafiya. Ranar gwajin ɗaukar aiki ko buɗe fayil ɗina ba su yi ba. Mutum-mutumin roba suka shimfiɗa a ƙasa, suka ce zuciyarsa ta tsaya. Danna ƙirji 30, hura numfashi 2, dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6: wannan kowa ya haddace. Abin da suka zuba wa ido shi ne ko na duba wurin babu haɗari kafin in durƙusa, da ko na nuna mutum guda na ce "kai, ɗauko na'urar AED", wato na'urar da ke ba zuciya shokin lantarki don bugunta ya dawo daidai. Mutum biyu da muka shiga tare a nan suka faɗi.

Wata ma'aikaciya:
Ka nemi lasisin tuƙi tun yanzu, rashinsa ya sa na rasa gurbi na farko. Sannan ka kula da bayanka. Na ɗaga wani dattijo daga bene da ƙugu maimakon gwiwoyi, na yi mako shida a kwance. Yanzu ko ana gaggawa sai na ƙirga ɗaya, biyu, uku da abokin aikina kafin mu ɗaga gadon.

Wani da ya koma koyarwa:
Gaskiyar Hajiya. Ni abin da ya kusa kore ni daban ne. Na shigo da tunanin kullum haɗarin mota ne, sai na tarar yawancin kiran da nake zuwa tsoho ne ya faɗi, ko mai asma numfashi ya sarƙe, ko mai ciwon suga ya suma. Wata rana na kai mara lafiya, likita ta tambaye ni makinsa a ma'aunin Glasgow na auna yadda mutum yake cikin hayyacinsa, wanda ke tashi daga 3 zuwa 15, da lokacin da ya fara sauka. Ban rubuta ba. Kunyar ranar har yau ina jinta, domin bayanin nan shi za ta ɗora magani a kai. Ka koyi miƙa mara lafiya cikin minti ɗaya: abin da ya faru, abin da ka gani, abin da ka yi, da ƙarfe nawa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je in tambayi gurbin sa kai. Yaya, aikin dare suka fara ba ka ko na rana?