Wai a ina aka kashe Captain America? Na karanta duka bakwai ɗin ban gani ba

Mai Caji:

Salamu alaikum jama'a. Shagon cajin waya gare ni a wani ƙauye tsakanin Gaya da Wudil, kuma da rana aikin bai wuce gadin janareta ba. Ɗan yayata da ke karatu a Kano ne ya zubo min littattafan zane na jarumai a memori da ya zo hutun Sallah. Turancina na sakandare ne, amma da hoto da ƙamus ɗin waya ana lallaɓawa. Da daddare in an tashi daga makarantar allo, yara kan taru a bakin shagon saboda hasken ƙwai, ni kuma ina fassara musu.

Mun ɗauki wanda ake kira Civil War, na kamfanin Marvel, na 2006, kashi 7 ne. Gwamnatin Amurka ta yi doka cewa duk jarumin da ke rufe fuska ya zo ya yi rajista. Iron Man ya bi gwamnati, Captain America ya ce ba ta saɓu ba. A kashi na 2 Spider-Man ya tsaya gaban 'yan jarida ya cire abin fuskarsa, ya ce shi ne Peter Parker. Ranar sai da maƙwabcina ya leƙo, don ihun yaran ya ɗauka kunama ce ta harbi wani. To a kashi na 5 sai ga shi yana dambe da Iron Man ɗin da ya bi. An taɓa dalilin sama-sama, amma bai kai a ce mutum ya juya wa ubangidansa baya a kai ba. A na 7 Captain America ya miƙa wuya aka tafi da shi, da ransa, da ƙafarsa.

Na buɗe wani littafin, sai na tarar ana zaman makokinsa. Na buɗe wani na 2008, Peter ba mata, kuma duk garin ba wanda ya san shi ne Spider-Man. Wani yaro da bai fi shekara tara ba ya ce min, "Yaya, su 'yan jaridar duk mantuwa suka yi?" Na ce ya je ya kwanta dare ya yi.

Memorin ne ya cinye wasu, ko dama haka labarin yake ba kai ba gindi?

Malamin Firamare, Ringim:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, memorinka lafiyarsa ƙalau. Bakwai ɗin da ka karanta kamar tsakar gida ne, abin da ya faru a ɗaki kuwa sai ka shiga ɗakin. Kowane jarumi yana da nasa littafin da ke fita wata-wata, da nasa marubucin. Idan aka yi irin wannan haɗaka, sai a rarraba labarin a cikinsu. Juyawar Spider-Man tana cikin nasa littafin, can ne aka kai shi ya ga kurkukun da ake zuba waɗanda suka ƙi rajista, hankalinsa ya tashi. Kisan Captain America kuma yana cikin nasa, lamba 25, a 2007, Ed Brubaker ya rubuta. A matakalar kotu aka harbe shi. Kada ka yi saurin yi wa yaran ta'aziyya, don a 2009 ya dawo, wai bindigar cilla shi ta yi cikin zamani.

Dalilin kasuwa ne, kuma ba yau aka fara ba. Secret Wars na 1984 tare da Mattel, kamfanin kayan wasan yara, aka shirya shi. Ana so mai sayen littafi ɗaya ya koma sayen biyar.

Amma abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Marubucin ba shi da jarumin, na kamfani ne. Kai da ke ƙauye ka san wanda aka ba aron gona: gero zai shuka, ya kwashe, ya tafi. Ba zai dasa mangwaro ba, in ma ya dasa, mai gona zai iya sarewa baɗi. Spider-Man tun 1962 ake nomansa, hannu ya bi hannu. An aurar da shi ga Mary Jane a 1987, auren ya shekara 20, sai shugaban editocin lokacin, Joe Quesada, ya ga ya fi son jarumin a gwauro. Saki zai tsofar da shi, kashe matar ma haka. Sai aka kawo wani shaiɗani, Mephisto, a ƙarshen 2007. An harbi May, matar baffansa da ta riƙe shi tun yana yaro, tana gargara, shaiɗanin ya ce zai tashe ta in sun ba shi aurensu. Suka ba shi. Aka wayi gari ba a taɓa ɗaura auren ba, kuma duniya ta manta fuskarsa. Ga amsar yaronka nan, in za ka iya faɗa masa.

Ummi Birnin Kudu:

Malam, da girmanka, amma ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Mu da muka tashi da tatsuniya? Yau a yi wa Gizo dukan kawo wuƙa, gobe ga shi garau yana damfarar kura, kuma ba wanda ya taɓa tambayar kaka yaushe ya warke. Ni abin da nake so ma ke nan, in ga Batman da Superman a ɗaki ɗaya suna musu, ɗaya mai dabara ɗaya mai ƙarfi. In ba haɗaka ina za ka ga wannan? Ka ɗauki kowane labari a matsayin daren sa, shi ke nan.

Malamin Firamare, Ringim:

Malama Ummi, kaka tana cewa ƙurunƙus. Ta rufe wannan, gobe ta buɗe sabo, ba ta taɓa ce miki sai kin tuna ta jiya za ki gane ta yau ba. Su kuwa cewa suke komai a haɗe yake, ka riƙe, zai yi amfani gaba. Ka riƙe ɗin, su warware. DC, kamfanin su Batman da Superman, ta share tarihinta a 1985 wai don a daidaita, ta sake a 2011 da littattafai 52 duk daga lamba ta 1, a 2016 kuma ta fara dawo da abin da ta zubar. A 1988 har ƙuri'a aka jefa ta wayar tarho kan a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi. Masu cewa a kashe suka ci da ratar ƙuri'a 72. A 2005 ya dawo, wai wani mai ƙarfin Superman daga wata duniyar ne ya yi ta naushin bangon halitta har abubuwa suka goce. Waɗanda suka biya kuɗin kiran fa?

Ummi Birnin Kudu:

To wannan kam na naushin bango ko ni ban kare shi ba. Amma dawowar yaron da fushinsa, yana tuhumar Batman don bai rama masa ba, ta yi daɗin karatu. Ƙofar da aka shigo da shi ce ta banza.

Ɗan Sule Tankarkar:

Yaya Mai Caji, ka raba kanka da wahala. Nemi masu farko da ƙarshe. All-Star Superman kashi 12 ne, marubuci ɗaya, mai zane ɗaya, ba sai ka leƙa ko'ina ba, yara ma za su so shi. Batman: Year One kashi 4 ne kacal, na 1987, amma wannan kai kaɗai za ka karanta, akwai wuraren da ba na yara ba. Ni na daina bin sunan jarumi, sunan marubuci nake dubawa.

Mai Caji:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malam, maganar shaiɗanin nan ba za ta fito daga bakina ba, don yaron da ya yi tambayar jikan liman ne, kuma daga masallacin ake kawo min wayoyi goma sha kullum. Na ce masa wani likita ne ya yi wa mutanen garin allurar mantuwa. Ya yi shiru, ya ce to su waɗanda suka yi tafiya ranar allurar fa?

Na turawa ɗan yayata saƙo ya nemo min lamba 25 ɗin da na Superman ɗin nan, ranar Juma'a zan karɓo a Wudil wajen direban da ke kawo min fetur.