Neman shawara: lamba 37 ta ƙi fitowa, in ci gaba ko in tsaya?

Ɗan Aliero: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ni mutumin Aliero ne a jihar Kebbi, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, shekarata 9 a nan. Da sauke buhu daga tirela na fara a hannun wani Alhaji, da ya ga riƙon amanata ya ba ni rumfa, har yau in na je gida da Sallah sai na je gaishe shi. A sakandare ba wanda ya taɓa wuce ni a lissafi, rasuwar mahaifinmu ce ta hana ni shiga foliteknik ta Birnin Kebbi. Na faɗi haka ne don ku san ban shiga abin nan da ka ba.

Wata 14 ke nan ina bin loton da ake zaro lambobi 5 cikin 90. Ina da littafi, duk wasan da aka yi sai na rubuta lambobin da ranar. Bisa lissafi kowace lamba ya kamata ta leƙo sau ɗaya a wasa 18, amma 37 ta yi wasa 61 ba ta fito ba. Sai na mai da ita banka, wato lambar da nake sawa a kowane tikiti, ina haɗa ta da lambobi 10 da suka fi yawan fitowa, ina ƙara kuɗi kowane mako. Na kashe wajen naira 412,000, na ci sau biyu a baya, 48,000 kowanne. Ranar 30 ga wata akwai kuɗin da dole in bayar. In saki yanzu da lokacin fitowarta ya yi, ko akwai tsarin da ya fi nawa?

Maman Iklima: Wane kuɗi ne na ranar 30? Ba ka faɗa ba. Ni dai da na ji an ce littafi gabana ya faɗi. Baban yarana ma haka yake da nasa a Agege, jan biro da shuɗi, ya hana yara taɓawa kamar allon karatu. Keken ɗinkina da uwata ta saya min na aure, na dawo daga suna na tarar da wurin wayam. Da na kai ƙara wajen yayarsa cewa ta yi in yi haƙuri, namiji ne. Shekara biyu ina ɗinki a keken haya.

Malam Sani: Ƙanena, shekara 17 ina koyar da lissafi, ka saurare ni. Wasa 18 ɗin da ka faɗa daidai ne, amma matsakaici ne na dogon zango, ba bashi ba ne da injin zai biya. Ƙwallayen ba su san an yi wasa jiya ba. Damar 37 gobe 1 cikin 18 ce, ko ta yi wasa 200 a ɓoye. Kuma cikin lambobi 90, a kowane lokaci ana sa ran samun biyu ko uku da suka yi wasa 61 ba su fito ba. Ba wani sirri ka gano ba. Ga wanda ya fi muhimmanci: lambobi 90 suna ba da tagwaye 4,005, lambobi 5 da aka zaro kuma tagwaye 10 ne. In ka dace a lamba biyu ana ninka maka sau 240. To ka sayi duk tagwayen a naira ɗaya ɗaya, ka kashe 4,005, ka tabbata ka ci 10, a ba ka 2,400. Mutumin da ya rufe kowace ƙofa ma ya yi asarar 1,605. Wane littafi ne zai gyara wannan?

Ɗan Aliero: Malam na gode, amma ni ba duka nake saya ba, zaɓa nake yi. Cin da na yi sau biyu ai daga littafin ya fito.

Malam Sani: Ka kashe 412,000 ka karɓo 96,000. Mai zaɓa ido rufe, a dogon zango, ana mayar masa da wajen 60 cikin kowace 100. Kai 23 ka samu.

Baba Nima: Malam, karatu daban, gogewa daban. Mu a Ghana ana buga na ranar Asabar tun 1962, kuma akwai dattawa a Nima da Kumasi masu takardun sakamako na shekaru arba'in. Yaro, kuskurenka wata 14 ya yi kaɗan, kuma ka manne wa lamba ɗaya. Kowace lamba tana da abokiya, ka ƙara mata 45. Abokiyar 37 ita ce 82. Ka rage kuɗin, ka buga su tare mako uku ka gani.

Abba Kurna: Ai akwai wanda ya yi da lissafi ya ci. Stefan Mandel, ɗan asalin Romaniya, a 1992 ƙungiyarsa ta ci dala miliyan 27 a jihar Virginia ta Amurka.

Malam Sani: Ka karanta labarin har ƙarshe, Abba. Bai hango lamba ko ɗaya ba. Wasan na lambobi 6 ne cikin 44, haɗuwa miliyan 7 da 'yan kai, tikiti dala ɗaya, kyautar kuma ta taru har ta ninka kuɗin sayen tikitin duka. Sai ya tara kuɗin masu zuba jari ya sayi mafi yawansu. A namu kyautar ba ta taruwa, 240 ce kullum. A lamba uku ma abin ya fi muni, dama 1 cikin 11,748 amma a biya ka ninki 2,100. Baba, da girmamawa, dattawan nan masu takardun shekara arba'in, nawa ne suka daina sayar da lamba suka zauna cin abin da suka ci?

Baba Nima: Na san wanda ya gina gida da shi a Ashaiman. Ban zo gardama da yaran boko ba.

Ustaz Kabiru: Kuna ta lissafi kamar halal ake tattaunawa. Caca ce, Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haɗa ta da giya ta ce a nisance su. Ko ya ci miliyan ba nasa ba ne. Ɗan uwa ka tuba, ka ƙona littafin yau.

Sule Mai Babur: Ustaz faɗa da baki sauƙi gare shi. Tun da aka hana acaba a sassan Legas a watan Yunin 2022 aka kama babur ɗina, ban gama biyan kuɗinsa ba, har ofis na je sau huɗu ba wanda ya dube ni. Da yawanmu bayan nan suka fara zama a kantin loto. Wa ya ba mu jari?

Ɗan Aliero: Ustaz na san hukuncin, ina istigfari, kuma na yi alkawari da na mayar da abin da na zuba na bari har abada. Maman Iklima Allah Ya mayar miki da alheri, amma ni ban taɓa kayan matata ba. Kuɗin ranar 30 na adashenmu ne na 'yan layin albasa, mu 12, ni nake tarawa. Ba duka na taɓa ba.

Maman Iklima: Innalillahi. Nawa ka taɓa?

Malam Sani: Ka bar zancen 37. Gobe da safe ka je wajen Alhajin da ya ba ka rumfa ko ka kira shi, ka faɗa masa gaskiya, ka sayar da buhunan da ke hannunka ko a faɗuwa ne, ka cike kuɗin mutane kafin ranar. Kunyar yau ta fi ta ranar 30 sauƙi.

Sule Mai Babur: Kar ka faɗa wa kowa a kasuwa, magana ɗaya ta fita ba mai sake ba ka kaya bashi. Ka roƙi mai kwasar wannan watan ku yi musanyar layi.

Ɗan Aliero: Alhaji ba shi da lafiya, ba zan kai masa wannan ba. Kwasata kuma ta wuce tun watan biyar, ba ni da layin da zan musanya. Saura wasa shida kafin 30. Baba Nima, 82 ɗin nan ita kaɗai zan haɗa da 37, ko in bar sauran goman a ciki?